Akunka yana cizo? Ga yadda za ka bi da shi ba duka ba tsawa

Ranar da akuna ya fara kama ni da gaske da safe ne, na zura hannu cikin keji zan ɗauko kwanon abincinsa in wanke, kafin in ankara ya damƙi naman nan na tsakanin babban yatsa da manuni, kuma bai saki ba sai da ya murɗa. Jini na ɗiga, ni kuma na tsaya ina kallonsa. Wallahi zafin ciwon daban, zafin zuciya daban, tsuntsun da kullum kai ke ba shi ci da sha, kai ke zama kana masa hira, shi ne yau ya yi maka haka. Mutane da yawa daga irin wannan ranar suke yanke ƙauna, a rufe keji a tura shi lungu, sai dai a zuba masa abinci daga nesa. Abin da ke ba ni tausayi shi ne aku mai ruwan toka da jan bindi yana iya yin shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum, ka duba tsawon zaman kaɗaicin da za a jefa shi a ciki saboda cizo ɗaya ko biyu da ba a gane dalilinsu ba.

Sai daga baya da na zauna na tuna yadda abin ya faru na gane ashe ya gaya min. Ya ja da baya zuwa ƙarshen sandarsa, ya tayar da gashin wuya, ya sunkuyar da kai baki a buɗe, har ɗan gurnani ya yi. Ni ne dai hankalina yana kan kwano. Toh wannan shi ne tushen duk abin da zan faɗa a nan, aku ba ya farawa da cizo, cizo maganarsa ce ta ƙarshe bayan ya ce a'a sau uku sau huɗu da jikinsa ba a saurare shi ba.

Ka fara sanin wa kake zaune da shi

Kare da kyanwa sun yi dubban shekaru suna zaune da ɗan Adam, aku ba haka ba ne. Ko a gida aka ƙyanƙyashe shi, iyayensa ko kakanninsa daga daji suka fito, halin dajin yana nan a jikinsa. A can kuma shi abin farauta ne, shaho na nemansa, don haka duk abin da ya taho masa daga sama ko ya zo da sauri, abin da jikinsa ke gaya masa shi ne tashi ka tsira. A daji in abu ya dame shi sai ya buɗe fiffike ya bar wajen, shikenan magana ta ƙare. A keji fa ina zai je? Hannu ya shigo, baya waya ce, gefe waya ce, tura ta kai bango, bakin nan kaɗai ya rage masa. In kuma kamo shi aka yi daga daji abin ya fi muni, don hannun farko da ya sani a rayuwarsa shi ne wanda ya cafke shi ya raba shi da 'yan'uwansa. Tun 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai a duniya, suka amince a hana cinikin aku mai ruwan toka da aka kamo a daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda yadda kamun ya rage yawansu, amma waɗanda aka riga aka kamo suna nan a gidaje da tsoronsu.

Ga kuma kaifin ƙwaƙwalwa. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana aiki da wani aku mai suna Alex, daga 1977 har ya mutu a 2007, tsuntsun nan ya san sunayen abubuwa da launuka da siffofi, yana ƙirga abu kaɗan, in ya gaji da aiki yakan faɗa da bakinsa cewa yana son a mayar da shi wajensa. Tsuntsu mai irin wannan kan ba sai an maimaita masa darasi sau goma ba. Ya ja baya ba ka fasa ba, ya yi gurnani ba ka fasa ba, ya cije ka sai ga hannu ya fice da gudu. Me ya koya? Cizo ne ke aiki. Gobe ba zai ɓata lokacinsa wajen gurnani ba, kai tsaye zai kai baki, daga nan ne za ka ji mai shi yana cewa "ai nawa haka kawai yake cizo ba gargaɗi". Da yana gargaɗin, mu ne muka koya masa cewa ba shi da amfani. Shi ya sa kowane cizo da ka bari ya faru kamar ka ƙara masa atisaye ne, babban aikinka shi ne ka hana a kai ga cizon tun farko.

Wani abu kuma, ba duk kai baki ne cizo ba. Aku da bakinsa yake hawa, har wani bincike da aka fitar a 2022 a kan ƙananan tsuntsayen wannan dangi ya nuna in suna hawa abu a tsaye bakin nan aiki yake kamar ƙafa ta uku, yana ɗaukar nauyin jiki yana tura shi sama. In ka miƙa masa hannu ya kawo baki a hankali ya taɓa, gwadawa yake ya ji ko reshen nan zai ɗauke shi. Kai kuma sai tsoro ya kama ka ka fizge, toh ka ga ka nuna masa hannunka reshe ne mai rawa, gobe sai ya ƙara damƙa da ƙarfi don ya riƙe. Ƙananan da ba su daɗe da barin sheƙa ba ma komai sai sun ɗanɗana da baki da harshe kamar jariri. Irin wannan ka tsayar da hannu cik, in matsin ya fara yawa ka miƙa masa wani abin taunawa ya koma kansa.

Karanta jikinsa

Nan ne ya kamata ka fi ba lokaci, ka zauna nesa kaɗan ka dinga kallonsa kawai, kwana da kwanaki, har ka san yadda yake in yana cikin natsuwa. Aku mai natsuwa gashinsa a kwance yake amma a sake, yakan tsaya da ƙafa ɗaya, yana gyaran gashi, da yamma ka ji yana goga bakinsa na sama da na ƙasa yana wani ƙaras ƙaras, wannan alamar jin daɗi ce. In ka san wannan, ranar da ya canza za ka gani.

Ka kalli ido. Baƙin tsakiyar idonsa yakan tsuke ya buɗe, ya tsuke ya buɗe da sauri, a babban aku mai ruwan toka abin a fili yake don kewayen idon ruwan ɗorawa ne mai haske. Wannan yana nufin jininsa ya hau, ko don murna ko don fushi, kuma ko na murnar ne ba lokacin kai hannu ba ne, don aku in wasa ya yi masa daɗi da yawa yakan wuce gona da iri ya kai cizo. Ka kalli gashin wuya da na kafaɗa in sun miƙe, bindi in ya baje kamar mafici, wannan an fi ganinsa a irin akun da ake kira Amazon, masu launin kore na Kudancin Amurka. Ka kalli tsayuwa, in ya duƙa ya miƙo wuya baki a buɗe, ko yana kaɗa jiki hagu da dama. Mai tsoro kuma akasin haka yake, gashi ya lafe a jiki ya zama siriri, ya miƙe tsaye yana karkata baya yana neman hanyar gudu. Mai ruwan toka yana da wani gurnani mai kauri in ya tsorata, wasu irin kuma huci suke. Ko kau da kai kawai da ya yi, ko ya matsa taku ɗaya gefe, a'a ce.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, janye hannunka ka ba shi wuri. Na san abin da wasu za su ce, ai in ka ja da baya ka nuna masa ya fi ƙarfinka. Gaskiya ni ban yarda da wannan ba sam. Janyewa a lokacin da ya yi gargaɗi tana koya masa cewa ƙaramar a'a ta isa, ba sai ya zubar da jini ba. Tsuntsun da ya san in ya ƙi za a ƙyale shi, shi ne kuma yake saurin yarda, na ga wannan da idona a nawa. Zancen da ake yi wai aku yana son ya mulki gida ne, wai kar a bar shi ya hau sama da kai don zai ɗauka shi ne shugaba, masana halayyar tsuntsaye da yawa sun daina ɗaukarsa. Yana son sama ne don can yake jin ya tsira, in ya ƙi saukowa kuma sau da yawa don ya san daga saukowa sai keji a rufe a tafi a bar shi.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka ka samu ɗan littafi ko ka buɗe waje a wayarka. Duk cizo ko yunƙurin cizo ka rubuta abu uku, me ya faru daf da shi, me tsuntsun ya yi, me ya biyo baya. Wannan hanyar Susan Friedman ta Jami'ar Jihar Utah ta yaɗa ta sosai a tsakanin masu kiwon aku, kuma tana aiki. Ka haɗa da lokaci, da waje, da wanda ke ɗakin, har kayan da ke jikinka, don sabuwar hula ko tabarau ko jan farce kaɗai suna iya firgita shi. Ni da na yi haka na sati biyu sai ga abin ya fito fili, kusan duk cizon a waje biyu yake, in na sa hannu cikin keji, da kuma in zan mayar da shi ciki zan fita. Sauran lokutan lafiya lau muke. Da ina cewa akuna mafaɗaci ne, ashe matsala biyu ce kawai kuma kowacce da maganinta.

In ya riga ya kama ka

Da wuya, amma ka daure kar ka yi ihu, kar kuma ka fizge, fizgewa ce ke yaga fata. Ka ɗan tura hannun wajensa a hankali, sau da yawa yakan saki, sai ka sauke shi a kan sanda ko bayan kujera ko duk wani waje na kusa, ka juya masa baya ka yi shiru na ɗan lokaci, daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya ya isa. Ba sai ka yi gaba da shi wuni guda ba, ba zai haɗa fushinka na yamma da abin da ya yi da safe ba. Ihu da faɗa kuwa wani akun daɗinsu yake ji, tsuntsu ne mai son hayaniya, ya cije ka ka yi tsalle ka ƙwala ƙara ka tsaya kana masa surutu, a wajensa an yi wasa mai armashi. Ka lura kuma da mayar da shi keji a matsayin horo, in dama kejin yake so ya koma toh ka koya masa cewa cizo ne tikitin komawa.

Dan Allah kar ka doke shi, kar ka ɗalle masa baki da yatsa, bakin nan yana da jijiyoyi yana jin zafi. Kar ka watsa masa ruwa a fuska, kar ka girgiza keji, kar ka yar da shi ƙasa, kar ka rufe shi cikin duhu da rana tsaka ko ka hana shi abinci. Ƙashin tsuntsu ba shi da ƙwari, duka ɗaya yana iya karya shi ko ya kashe shi, in ma bai ji ciwo ba ka ƙara masa hujjar cewa hannu abin tsoro ne. Yana iya yin shiru na kwana biyu ka ɗauka ya ji horo, ranar da zai rama sai ta fi ta baya. Yanke gashin fiffike ma da wasu ke ba da shawara a kai, ni ban ɗauke shi maganin cizo ba, ka ƙwace masa hanyar gudu ne kawai, wanda ba zai iya gudu ba kuwa faɗa ya rage masa. Safar hannu mai kauri tana kare fata amma yawancinsu tsoronta suke, kuma tana sa mutum ya daina kula da gargaɗin tunda ba ya jin zafi.

Yadda za ka sake gina yarda

Ka nemo abin da ya fi so a duniya, wani ƙwayar sanfulawa ce, wani ɗan gutsuren almon ko yankan tuffa. Ka cire wannan abin daga kwanonsa na kullum, ya zama daga hannunka kaɗai yake samunsa. Ba yunwa za ka sa shi ba, abincinsa yana nan yadda yake, marmarin ne kawai ka riƙe. Ka yanka shi ƙanana sosai yadda zai cinye nan take. A nan bari in tuna maka, fiya da cakulan da kofi da giya guba ne a wajen aku, ko ɗanɗano kar a ba shi.

In tsoronsa ya yi yawa, matakin farko ko taɓa keji babu. Ka zo wucewa ka jefa ladan, wato abin marmarin nan, a kwano ka wuce abinka, kar ka tsaya. Bayan kwanaki za ka ga da ya hango ka ya fara matsowa. Sai ka koma zama kusa da kejin kana masa magana ƙasa-ƙasa, ka ɗan ba shi gefe, kar ka ƙura masa ido biyu don haka mafarauci ke kallon abin da zai kama. Daga nan ka fara miƙa masa ta tsakanin waya, in kana tsoron yatsanka ka ɗora a cokali mai dogon hannu.

Sai wasan tsinke, wanda a ganina babu abin da ya kai shi amfani. Ka samu siririn ɗan itace mai tsafta kamar tsawon tafin hannu da rabi, ka sa kansa kusa da shi ta waya, kar ka tsokane shi da shi. Son sani zai sa ya kai baki ya taɓa, da ya taɓa ka ce "yauwa" nan take ka ba shi lada. Kalmar nan ta zama ɗaya kullum kuma ta fito daidai lokacin da bakin ya taɓa, wasu suna amfani da ɗan abin dannawa mai ƙara ƙyas, duk ɗaya ne. In tsinken ma tsoro yake ba shi ka saka masa ko don ya kalle shi, sannan don ya karkato, har ya kai ga taɓawa. Ina tuna ranar da nawa ya gane, ya taɓa, na ce yauwa, ya karɓa ya cinye, sai ya tsaya ya karkata kai yana kallon tsinken yana kallona, ya sake taɓawa da gangan ya juyo yana jiran hannuna. Daga ranar muka samu yaren da mu biyu muke ji. Da ya ƙware sai ka dinga matsar da tsinken, taku ɗaya, taku biyu, har ya dinga bin sa ko'ina, ka ga yanzu kana iya kai shi wancan gefen keji ka ɗauki kwano, kana iya shigar da shi ka fitar da shi ba tare da ka taɓa shi ba. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya wadatar, ka tsaya tun bai gaji ba.

Hawa hannu kuma ka fara da sanda. Ka riƙe sanda mai kauri daidai kamun ƙafarsa, a gabansa, ɗan sama da ƙafafunsa kaɗan don tsuntsu ya fi son taka sama a kan taka ƙasa, ka sa tsinke ko ladan a ɗaya gefen yadda sai ya taka sandar zai kai. Ƙafa ɗaya ya ɗora, yauwa, lada. Kar ka ɗaga shi tukuna, ka bar shi ya hau ya sauka yadda ya ga dama. Kar ka danna masa sandar a ciki don ka tilasta shi. In ya ƙi ka tafi da ladanka ka dawo bayan minti kaɗan. A hankali kana rage tsawon sandar, hannunka yana matsowa, har wata rana ya taka hannun. Ko bayan ya saba da hannu kar ka bar sandar ta fita daga wasa, ranar da jininsa ya hau ko wani baƙo zai kula da shi ita ce za ta cece ku. Wani tsuntsun sati biyu ya isa, wani sai an yi watanni, musamman wanda ya sha wuya a hannun da ya fito.

Matsalata ta keji haka na warware ta. Na daina zura hannu yana ciki, sai in buɗe ƙofa ya fito da kansa ya hau sandar da na ɗaura a jikin ƙofar, sannan in yi shara in canza ruwa. Kejin ɗakinsa ne, ba laifi ba ne don ya kare shi. Komawa ciki kuma na sa ta zama abin so, sai ya tarar da abin marmari a kwano, kuma ba kullum in ya shiga nake rufewa in fita ba, wani lokacin ya shiga ya ci in sake buɗe masa.

Lokacin da jini ke tashi, da zancen kishi

Akwai wanda zai ce maka tsuntsunsa shekara uku lafiya lau kamar jariri, rana ɗaya ya rikiɗe. Sau da yawa balaga ce, mai ruwan toka yakan balaga wajen shekara 3 zuwa 5, ƙananan iri kuma tun kafin haka. In lokacin neman abokin sheƙa ya zo za ka ga yana neman lungu mai duhu, ƙarƙashin kujera ko cikin kwali ko durowa, yana yayyaga takarda, yana amayo maka abinci, yana sassauke fiffike, kuma duk wanda ya kusanci lungun nan ya sha cizo. Mu da kanmu muke hura wutar ba mu sani ba. Shafa masa baya da ƙarƙashin fiffike da gindin bindi a wajensa irin taɓawar miji da mata ce, don haka shafa ta tsaya a kai da wuya kawai. Ka toshe lungunan, ka ɗauke kwali da duk abin da ya yi kama da sheƙa, ka rage abinci mai maiƙo da mai ɗumi mai laushi. Ka kuma ba shi barci, awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru, don tsawon haske yana cikin abin da ke gaya wa jikinsa lokacin ƙwai ya yi, kuma akun da ke kwana a falo ana kallon talabijin har sha biyun dare dole ya tashi da saurin fushi. Lokacin yakan wuce, a ciki ka rage ɗauka da hannu ka koma sanda da tsinke.

Kishi kuma gaskiya ne. Aku yakan zaɓi mutum ɗaya a gida ya ɗauke shi nasa, sauran su zama kishiyoyi. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne wani lokacin masoyin nasa yake cizo. Ya taɓa faruwa da ni yana kan kafaɗata, ƙanwata ta shigo da sauri ta nufo ni, ita bai kai gare ta ba sai ya huce a kunnena. Tun ranar na hana shi kafaɗa, kuma ina ba kowa shawarar haka in dai tsuntsun yana cizo, a kafaɗa ba ka ganin idonsa ba ka ganin gashinsa, ga ido da leɓe da kunne a kusa da bakin da ke fasa ƙwaya mai tauri. Maganin kishin shi ne wanda ba ya so ɗin ya zama shi ke ba da abin marmari, shi ke wasan tsinke ta waya, kuma a fara yin hakan lokacin da masoyin ba ya ɗakin. Masoyin kuma kar ya yi dariya ko ya ɗauke shi yana lallashi in ya kai wa wani hari, don wannan lada ne. Yara ƙanana kuwa kar a bar su da aku su kaɗai ko na minti ɗaya, motsinsu da sauri yake, yatsunsu kuma ƙanana ne.

In tsuntsu mai sanyin hali ya fara cizo kwatsam kuma ka duba ba ka ga abin da ya canza ba, likitan dabbobi za ka nufa, wanda ya san tsuntsaye in da hali. Aku gwani ne wajen ɓoye ciwo, don a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Ka duba ko ya rage ci, ko kashinsa ya canza, ko yana yawan kumbura gashi yana barci da rana, ko yana ɗaga ƙafa ɗaya ba ya son takawa. Mai ruwan toka yana yawan fama da ƙarancin kalsiyam, wanda ake ba tsaba zalla kuma yakan rasa bitamin A. Lokacin sauya gashi ma sababbin da ke tsirowa cikin kubensu suna da jini a ciki, in ka shafa su ta inda bai dace ba zafi yake ji. Zaman banza shi ma yana kawo faɗa, tsuntsun da a daji yake wuni yana yawo yana neman abinci, ka ajiye shi da kwano cike ba abin yi. Ka ba shi itace mara guba ya tauna, ka naɗe abincinsa a takarda ya sha wuya kafin ya kai gare shi, ka ba shi damar wanka da fitowa daga keji kullum.

In dole ta sa sai ka kama shi, misali za a ba shi magani ko ya ji rauni, ka yi amfani da tawul, ka riƙe bayan kai a hankali ta cikin tawul ɗin, fiffike a lulluɓe, amma kar ka matse ƙirji, don da motsin ƙirjin yake numfashi, in ka danne shi zai shaƙe. Ya fi kyau likita ya nuna maka sau ɗaya da hannunsa, kuma tun yana lafiya ka saba masa da tawul ɗin, ka shimfiɗa shi ka watsa lada a kai ya dinga takawa.

Ciwon da ke hannunka shi ma kar ka raina shi. Ka wanke da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na 'yan mintuna, ka danne da kyalle mai tsafta har jini ya tsaya, ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ka rufe. In ya yi zurfi, ko a fuska ne ko kan gaɓar yatsa, ko ya fara kumbura da ja da zafi ko ruwa, ka je asibiti, ka kuma tambaya ko kana bukatar allurar tetanus. In zazzaɓi da tari da ciwon kai suka kama ka, ka gaya wa likita kana kiwon aku a gida, don akwai cutar sitakosis da ake ɗauka daga waɗannan tsuntsaye, yawanci ta shaƙar ƙurar busasshen kashinsu, kuma tana jin magani in an gano ta. Washegari kuma ka koma wajen kejin da ladanka da tsinkenka, ka fara daga matakin da kuka tsaya lafiya kafin cizon, ko da ta waya ne.